Daga Adana zuwa Urfa: Ƙasar da Girki ke da Malamai

A kudancin Turkiyya akwai wata babbar hanyar mota da ta tashi daga Adana, ta haura duwatsu, ta gangara Gaziantep, ta tsallake kogin Furatu, sannan ta dangana da Shanliurfa, garin da mutanensa ke kira Urfa a taƙaice. Tsawonta duka bai cika kilomita 400 ba, mai gaggawa zai iya gama ta tsakanin hantsi da la'asar. Sai dai su kansu Turkawa ba da gaggawa suke bin ta ba. Idan hutu ya zo, magidanci kan kwashi iyalinsa su bi ta zango-zango, kuma abin da ke jan su shi ne abinci. Har akwai mutanen Santambul da kan hau jirgin asuba su sauka Gaziantep, su karya kumallo, su ci na rana, su cika kwali da kayan zaƙi, su koma su kwana a gidajensu.

Haka mu ma muka tsara namu hutun, ni da maigidana da yara. Abin da muka fara rubutawa a takarda shi ne sunayen abinci: wannan a wane gari ake cinsa, kuma da wane lokaci. Masauki da wuraren ziyara daga baya muka cusa su tsakanin ci da ci. Tsarin ya zama dole, domin a wannan yanki kowane abinci yana da sa'arsa. Akwai wanda in rana ta take ba ka samu ba, sai gobe. Akwai wanda ba a buɗe tukunyarsa sai bayan isha'i. Kuma kowanne yana da gwaninsa, mutumin da ya ƙarar da shekarunsa a kan abu guda, wanda suke kira usta, suna ba shi girman da ake ba malamin da ya ƙware a fanninsa. Wannan girmamawa ita ta fi komai burge ni a tafiyar, ko da yake daɗin abincin ma ba a magana.

Adana: wuƙa, gawayi da kitsen jela

Daga Santambul muka shigo ta sabon filin jirgin Cukurova, wanda aka buɗe a 2024, muka karɓi motar da muka yi haya. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin auduga da masara da lambunan lemo iya ganinka. Kogin Seyhan ne ya ratsa birnin Adana. A kansa akwai gadar dutse tun ta zamanin Rumawa, har yau mutane na tsallaka ta da ƙafa, a gefensa kuma ga Masallacin Sabanji mai hasumiya shida, wanda aka buɗe a 1998. A nan muka sallaci azahar, muka nufi tsohuwar kasuwa da ke kusa da hasumiyar agogo, inda ƙamshin gashi ke yi wa baƙo jagora.

Kebab ɗin Adana kayansa ba su da yawa: naman ɗan rago, kitsen jela, gishiri da jan barkono. Tumakin yankin irin masu faffaɗar jela ne da ke tara kitse a cikinta. Ba a kai naman inji. Usta kan tsaya gaban katako da wata ƙatuwar wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ya yi ta sara yana juyawa har naman da kitsen su haɗe. Da na tambayi dalili, ta wayar babbar 'yarmu da ke yi mana tafinta, sai ya ce inji matse nama yake yi ya tsiyaye masa ruwa, wuƙa kuwa yanka kawai take yi, ruwan ya zauna a ciki har ya isa bakin mai ci. Daga nan ya jiƙa hannu ya ɗebi curi, ya ɗame shi a jikin wani faffaɗan tsinken ƙarfe, yana matsawa daga sama har ƙasa, shatin yatsunsa ya fito reras. Ba a ɗora shi sai gawayi ya ruru ya lafa, babu harshen wuta. Da kitse ya fara ɗiga sai ya ɗauki gurasa ya danna a kai ta shanye, kuma wannan gurasar da ta sha maiƙo ita ake shimfiɗawa a ƙarƙashin naman.

Kafin naman ya iso an riga an cika mana teburi: yankakkiyar albasa da aka barbaɗa wa sumak, wani jan gari mai ɗan tsami, gasasshen tumatir da barkono, na'a-na'a da sauran ɗanyen ganye, lemon tsami, da dakakken tumatir mai yaji da aka yaryaɗa wa ruwan rumman. Duk waɗannan karramawa ce ta mai gida, ba a sa su cikin lissafi ba. Abin sha na garin shi ne shalgam, ruwan baƙin karas da aka tsima da gishiri, ja wur, mai tsami, ba ya sa maye. Yara kuwa ayran suka zaɓa, nonon da aka dama da ruwa da gishiri kaɗan. Autanmu, wanda nama bai cika damunsa ba a gida, shi ya fara santi. Ya ce, "Umma, wannan ai ba sai an tauna ba."

A 2005 cibiyar 'yan kasuwar Adana ta yi wa wannan kebab rajista a hukumance, aka rubuta ƙa'idarsa a takarda. Wanda ya niƙa naman da inji, ko ya cusa masa albasa, abin da ya gasa zai iya yin daɗi, amma mutanen Adana ba za su yarda a kira shi da sunan garinsu ba.

Da yamma muka saya wa yara bici-bici a bakin kogi, dafaffen sitaci da aka yayyanka aka tula masa goggiyar ƙanƙara da jan ruwan fure da garin sukari. Da dare ya yi kuma masu shirdan suka fito da manyan tukwane a bakin titi. Wani sashe ne na tumbin tunkiya da ake cusa wa shinkafa mai yaji a ɗinke a dafa, kuma sai ka ga ma'aikaci da attajiri a tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa da nasa a hannu.

Hawan duwatsu

Tsakanin Adana da Gaziantep kimanin kilomita 220 ne. Hanyar ta biya ta Osmaniye, garin da ya shahara da noman gyaɗa, inda muka sayi soyayya don yara su riƙa taunawa. Daga nan ta fara hawan duwatsun Nur, tana kutsawa ta ramukan da aka fasa a cikin dutse, tana fitowa ta hau dogayen gadoji a kan kwazazzabai. Wuraren hutawa na kan hanya sun sauƙaƙa wa mai iyali tafiya: ga ɗakin salla, ga wurin alwala na mata daban, ga shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn tsakiya.

A gangaren duwatsun muka wuce Nurdagi, sai hira ta tsaya a motar. Girgizar ƙasar ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, ta auku ne kafin asuba mutane na barci, ta hallaka fiye da mutum 50,000 a Turkiyya kaɗai, kuma Nurdagi da maƙwabciyarta Islahiye na cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Sababbin gidaje sun tashi a jikin tuddai, amma filayen da aka kwashe ɓaraguzai suna nan fayau. Maigida ya rage gudu ya ce wa yara, "Ku ɗaga hannu mu yi musu addu'a." Duk wanda zai ci abinci a wannan yanki ya kamata ya tuna cewa mutanen da ke masa maraba sun binne 'yan'uwa ba da daɗewa ba, suka share hawaye suka koma gaban murhu.

Gaziantep: garin da ake karya kumallo da romo

Gaziantep, ko Antep kamar yadda 'yan garin ke faɗa, ita ce cibiyar tafiyar. A 2015 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin biranen da suka yi fice a fasahar girki, ita ce ta farko a Turkiyya da ta samu wannan matsayi. Ba ta da nisa da Halab ta ƙasar Siriya, a zamanin Daular Usmaniyya ma lardinsu ɗaya, shi ya sa tukwanensu ke da dangantaka.

Bayan sallar asuba muka fita neman beyran. Tun daren jiya ake ɗora naman rago a wuta marar ƙarfi har ya saki ƙashi, a zazzage shi da hannu. Ba a haɗa shi a tukunya guda a jira masu ci. Kowane mutum da nasa haɗin. Usta zai ɗauki faranti mai zurfi na jan ƙarfe ya shafa masa kitse, ya zuba dafaffiyar shinkafa, ya ɗora nama, ya sa dakakkiyar tafarnuwa da barkono, ya aza shi a kan wuta mai huci, sannan ya kwara romo. Nan take zai tafasa, wuta na lasar gefen farantin. Da awartaki ake ɗauko shi, ya iso gabanka yana ɓararraka. Cokali na farko zai sa ka gumi, na biyu ya buɗe maka ƙirji. Tsofaffi da ɗalibai da direbobi duk suna nan a dogayen tebura, babu mai surutu, kowa ya duƙufa.

Daga nan muka bi lungu zuwa wurin mai katmer kafin ya tashi, don shi ma na safe ne. A nan muka fara haɗuwa da fistik, 'yar ƙwayar nan mai ɓawo, koriya shar a ciki, wadda arzikin garin ya dogara a kanta. Usta ya ɗauki ɗan curin fulawa ya murza, sannan ya riƙa wulwula shi a iska yana maka shi a kan teburin marmara, yana ja yana buɗawa, har sai da muka riƙa ganin teburin ta cikinsa. Ya ɗiga masa maiƙon saman madara, ya watsa niƙaƙƙen fistik da hannu biyu, ya barbaɗa sukari, ya naɗe gefe huɗu, ya tura tanderu. Minti kaɗan ya fito yana ƙamshi, aka yanka mana, aka haɗo da madara. A al'adar garin, katmer ne karin kumallon farko na ango da amarya, domin a fara zama da zaƙi.

Sauran hantsin a kasuwa muka yi shi. A kasuwar Almaji an rataye busasshen tattasai da ƙwaƙulalliyar gauta a dogayen zarurruka, ja da shunayya, tun daga rufi har kan mutum. Da rani mata ke ƙwaƙule su su shanya, da sanyi a jiƙa a cusa musu shinkafa da nama. Kusa da nan sai kasuwar maƙeran jan ƙarfe, guduma na amsa guduma, inda ake ƙera irin farantin da muka sha beyran a cikinsa, a shafe cikinsa da kuza don kada ya cutar da mai ci. Na tsaya na daɗe a gaban wani dattijo da ke zane a jikin tire da ɗan ƙusa, jikansa na gefe yana riƙe masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni da nake shiga kicin kullum, shi ne yadda unguwa ke raba aikin girki. Mahauci da mai kayan miya da mai tanderu galibi suna kusa da juna. Uwargida za ta aiki yaro wurin mahauci ta ce lahmajun kaza take so. Mahauci ya sare nama da tafarnuwa da tumatir da barkono da ganye, ya miƙa wa mai tanderu. Shi kuma ya murza fulawa fale-fale, ya shafa haɗin a kai, ya gasa, yaron ya dawo da shi gida da zafinsa. Haka ake yi da tiren nama da gauta. Uwargida ta huta da hayaƙi, sana'a uku sun samu ciniki, abincin kuma na gida ne, don ita ta faɗi yadda take so. A wani gidan burodi kuma na ga wani mutum ya biya kuɗin burodi fiye da wanda ya ɗauka, aka rataye ragowar a leda a bakin ƙofa. Duk mabuƙacin da ya zo zai ɗauka ya tafi, bai san wanda ya biya ba, wanda ya biya bai san shi ba.

Abincin rana a gidan Imam Cagdash muka ci, wanda aka kafa tun 1887, har yau kuma zuri'ar gidan ke riƙe da shi. Na zaɓi Ali Nazik: doguwar gautar nan mai baƙin baya ake gasawa a garwashi har ta ɗauki ƙamshin hayaƙi, a ɓare, a dandaƙa ta da nono mai kauri da tafarnuwa, a ɗora mata nama, a kwarara narkakken man shanu da barkono. Ma'aikatan na kai da kawo kamar walƙiya, amma wanda ke kula da mu bai gaza tsayawa ya shafa kan autanmu ya ƙara masa gurasa ba.

Sai baklawa. Wanda ya ci ta a wani wuri, sai ya zo Antep zai san gaba da gabanta. Wani mai shago ya yarda muka leƙa ɗakin da ake yin ta. Ɗakin fari fat da ƙurar sitaci, samari a jere kowa da siririyar sanda, suna murza fulawa falle a kan falle har ta yi sirantakar da za a iya karanta rubutu ta bayanta. Kusan falle arba'in ake jerawa a tire guda, ana yayyafa tataccen man shanu, a shimfiɗa fistik a tsakiya. Fistik ɗin ma ba kowanne ba: wanda aka tsinka da wuri, kafin ya gama ƙosawa, shi ya fi kore da ƙamshi, shi ya fi tsada. A yanka, a gasa a tanderun dutse, a kwara tafasasshen ruwan sukari tana fitowa. Mai shagon ya nuna mana yadda ake cin ta: da hannu, a kifa ta ƙasan ya koma sama. Ya ce ta ƙwarai tana yin ƙara in an gatsa, kuma ba ta ƙona maƙogwaro. Yaro kan shiga wannan ɗaki yana ɗan koyo, ya yi shekaru yana share sitaci da ɗaukar tire kafin a ba shi sanda, ya ƙara wasu shekarun kafin a kira shi usta. A 2013 Tarayyar Turai ta amince da kare sunan baklawar Antep, ita ce haja ta farko daga Turkiyya da ta samu wannan kariya.

Garin har gidan tarihi na girki gare shi, mai suna Emine Gogush, a cikin wani tsohon gida kusa da ganuwar fadar garin da girgizar ƙasa ta rusa wani sashe nata. An adana tukwane da ludaya da tarihin abincin bukukuwa. A nan muka ji labarin yuwalama, abincin Ƙaramar Salla: 'yan ƙananan curi na shinkafa da nama, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba, da ake dafawa cikin romo da nono. Saboda yawan aikinsa, matan unguwa kan taru a ƙarshen azumi su yi ta mulmulawa suna hira. Da la'asar muka huta a Tahmis, gidan gahawa na ƙarni na 17, muka sha menengic, wanda ake yi da 'ya'yan fistik na daji a dafa da madara, har yara ma suna iya sha. Mun kuma shiga gidan tarihi na Zeugma, wanda aka buɗe a 2011, inda aka tattara zane-zanen 'yan duwatsu masu launi da Rumawa suka ƙawata daɓen gidajensu da su a bakin Furatu.

A bakin Furatu

Daga Antep zuwa Urfa bai wuce kilomita 150 ba. Hagu da dama gonakin fistik da zaitun ne a kan jar ƙasa, har Nizip, har Birejik, inda muka tsallake kogin da muka daɗe muna jin sunansa a karatun hadisi. Ruwansa kore-kore, yana tafiya a natse. Birejik garin kebab ɗin gauta ne. Ana jera yankin gauta da curin nama bi da bi a tsinke, a gasa har bayan gautar ya ƙone. Ba a ba ka cokali. Da hannu za ka ɓare baƙin bayan, ka murje cikin a kan gurasa, ka ɗora naman da gasasshen barkono, ka naɗe. Wani dattijo a teburin kusa da mu ya ga yara na laluben yadda za su yi, ya taso da kansa ya naɗa wa kowannensu.

Mun ratse arewa kaɗan zuwa Halfeti, garin da ruwan madatsar Birejik ya cinye wani sashe nasa a 2000. Jirgin ruwa ya kai mu har ƙauyen Sawashan, inda hasumiyar masallaci ke tsaye a tsakiyar ruwa, masallacin kansa yana ƙasa. Wannan ruwan ne ya sa aka yi gaggawar kwashe zane-zanen Zeugma da muka gani a Antep.

Urfa: hanta da asuba, waƙa da dare

Mutanen Urfa suna kiran garinsu garin annabawa. A ƙasan tudun ganuwa akwai wani tafki cike da kifi, kewaye da masallatai da lambu. Abin da suka gada daga kakanni shi ne a nan Lamarudu ya jefa Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin wuta, wutar ta zama ruwa, itacen ya zama kifi. Saboda haka ba a kama kifin, ba a cinsa, sai dai a ciyar da shi. A garin da ake gasa komai, wannan kifi kaɗai ya tsira daga tsinke. Yara sun watsa musu abinci, ruwan ya yamutse.

Karin kumallon Urfa hanta ce. Tun gari bai waye ba masu gashi ke jera ƙananan kujeru a bakin kasuwa. Ana yanka hantar rago ƙanana, a jera da kitsen jela a siraran tsinkaye, a gasa a kawo damƙi guda. A gabanka akwai katako da wuƙa da albasa da ganye, kai za ka yanka yadda kake so, ka zare hantar da gurasa, ka barbaɗa isot. Isot shi ne barkonon Urfa. Ana shanya shi a rana, sannan a ƙunshe shi ya yi gumi, a sake shanyawa, har ya rikiɗe ya yi duhu kusan baƙi. Zafinsa ba ya dukan harshe nan take, a hankali yake tasowa, da ɗan zaƙi da ƙamshin hayaƙi. Lahmajun ɗinsu da albasa suke yi, na Antep da tafarnuwa, kuma kowane gari a shirye yake ya rantse nasa ne na asali.

Da rana muka fake wa zafi a Gumruk Han, masaukin fatake na ƙarni na 16, inda dattawa ke zaune a inuwa suna shan mirra, gahawa mai ɗaci da ake tafasawa a tace sau da yawa. Kurɓi ɗaya ake zuba maka a ɗan kofi marar hannu, kuma ladabin shi ne ka mayar da kofin hannun wanda ya ba ka, kada ka dire shi.

Da dare muka halarci zaman da suke kira sira. Asalinsa abokai ne ke karɓar baƙuncin juna bi da bi, a yi hira da waƙa da nasiha, matasa na gefe suna koyon zama cikin manya. Yanzu wasu tsofaffin gidaje suna shirya shi don baƙi da iyalai. A ƙasa ake zama a kan katifu, mawaƙa a gaba, usta kuma ya durƙusa gaban tire yana murza cikofte: ɓarzajjiyar alkama da isot da tumatir da albasa, da ɗanyen nama marar kitse da aka daka, wanda ba ya ganin wuta, sai ƙarfin hannu da zafin barkono. Murzawar na ɗaukar lokaci mai tsawo, gumi na zuba masa, wani na goge masa goshi. Wanda ake sayarwa a shaguna a yau galibi babu nama a ciki, shi muka ba yara. A 2023 UNESCO ta sa Urfa cikin biranen da suka yi fice a kiɗa da waƙa, kuma duk wanda ya zauna a irin wannan dare zai ga ba a raba waƙar da tiren.

Kafin mu juya mun je Gobekli Tepe, kimanin kilomita 15 daga gari, inda Bajamushen nan Klaus Schmidt ya fara tono a 1995, aka fito da manyan ginshiƙan dutse masu zanen dabbobi da suka haura shekara 11,000. A gabas da wurin akwai dutsen Karajada, inda masana suka gano asalin ɗaya daga cikin irin alkamar da ɗan Adam ya fara nomawa. Babbar 'yarmu ta ce, "Abba, ashe gurasar da muke ta ci daga nan kakarta ta fito." Mun kuma gangara kudu zuwa Harran mai gidajen laka masu tsinin kai, mahaifar Ibn Taimiyya, wanda aka haifa a 1263. Ruwan madatsar Ataturk ya mayar da filayen da ke kewaye da ita gonakin auduga.

Ga mai niyyar zuwa

A guji tsakiyar bazararsu, watannin Yuli da Agusta, don zafin Urfa kan haura maki 40. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi dacewa da yara. A kwanta da wuri, domin mafi daɗin abincin na masu sammako ne. Kada a cika oda: faranti uku a tsakiya sun ishi mutum biyar, ga kuma abin da mai gida zai ƙara. A nemi shagon da abu ɗaya kawai yake sayarwa, a bi layin da 'yan gari suka bi. Maganar halal da wurin salla ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan.

Waɗannan garuruwa ba su fi kowa kayan miya ba. Rago ne, da alkama, da barkono, da nono. Abin da ya ɗaga su shi ne sun ɗauki girki a matsayin ilimi: suna da malamansa, suna da almajiransa, sun rubuta ƙa'idarsa, sun kare sunansa, kuma ba sa jin kunyar ɗansu ya gaji tanderu. Mu ma muna da masu kilishi da masu tsire da masu waina da suka kai wannan ƙwarewa, sai dai da yawansu na tsufa babu wanda ya zauna a gabansu da alƙalami. Ina kira ga iyaye, idan hutu ya zo, ko a waje ko a gida, a kai yara wurin irin waɗannan gwanaye, su gaishe su da ladabi, su ga yadda hannunsu ke aiki, su tambaya, su rubuta.